Yadda Muka Yi wa Baba Takardar Wakilci a Ingila

Ranar da na fara ta da maganar takardar da za ta ba mu ikon kula da al'amuransa idan ya gaza, Baba ya ajiye kofin shayinsa ya ƙura mini ido: "Wato tun ina raye za ku raba gado?" Na ce, "Haba Baba, wakilci ne. Da zarar mutum ya rasu ma, takardar ta daina aiki."

Abin da ya zaburar da ni maƙwabcinmu ne a Bamingham. Ciwon mantuwa ya kama mahaifiyarsa, ya je banki don ya biya mata kuɗin haya, aka ce ba a san shi ba. A gida, idan ɗan fari ya yi magana an gama. Nan kuwa sai da ya bi ta kotu, ya sha watanni da kashe kuɗi. Wata dokar Ingila ta shekarar 2005 ta ce sai mai hankalinsa ne zai naɗa wakili. Idan hankali ya gushe, bakin alƙalami ya bushe.

Takardun iri biyu ne: ta kuɗi da dukiya, da ta lafiya da kulawa. Fam 82 muka biya kan kowacce a lokacin. Ta kuɗin ba ta ba mu wahala ba. Ta lafiyar ce ta sa falon ya yi tsit, musamman inda ake tambaya ko wakili zai iya yanke shawara kan jinyar da ke riƙe rai. Baba ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce in rubuta: abincinsa na halal, namiji ne zai yi masa wanka, a juya gadonsa gabas. Ya naɗa ni da ƙanwata, wai ta fi ni riƙon lissafi. Gaskiyarsa.

Ana kuma buƙatar wani daga waje, ba dangi ba, likita ko lauya ko wanda ya san shi shekara 2, ya tabbatar ba tilasta shi aka yi ba. Abokinsa na masallaci ya zauna da shi su kaɗai.

Inda na yi tuntuɓe shi ne sa hannu. Baba ne farko, sai mai tabbatarwa, sannan wakilai. Garin gaggawa na riga su, aka dawo mana da takardar. Baba ya yi dariya ya ce, "Ka ga dalilin da na haɗa ka da ƙanwarka?"