Ranar da muka kai Baba ya ga teku a Badagry

Baba ya haura shekara 70, kuma duk ruwan da ya taɓa gani bai wuce Kubanni da Galma da dam ɗin Shika ba. Da ƙanena mai sayar da raguna a Alaba Rago ya tashi aure a Legas, muka taso daga Tudun Wadan Zariya mu biyar a motar dare, da niyyar in an shafa fatiha mu ware kwana biyu mu kai tsoho bakin teku. Ni aka ɗora wa tsara yawon, kuma ni na fara ɓata shi da haɗama.

Wurare shida na jera a takarda, wai duk a wuni ɗaya. Na duba taswirar waya na ga Alaba Rago a kan titin Badagry take, sai na saki jiki, muka karya kumallo a nutse, muka fita da hantsi. Ashe hanyar ita ce mai kaiwa iyakar Seme da Jamhuriyar Benin, ga cunkoso, ga shingayen bincike. Sai azahar muka shiga gari, Baba ya galabaita, yara na ƙorafin yunwa. Washegari da muka fita bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi mun isa. Wanda zai tafi da dattijo ya zaɓi wuri biyu a rana, ya bar sauran.

A ranar farko mun leƙa benen da 'yan mishan suka kammala a 1845, wanda mutanen garin ke kira bene na farko a Najeriya. Ban daɗe a can ba. Inda ƙafata ta kafe shi ne gidan Seriki Williams Abass, inda ake tsare bayi kafin a ɗora su a jirgi. Ɗakunan ƙanana ne, taga ɗaya can sama wadda ba ta fi tafin hannu biyu ba. Mai yi mana bayani ya miƙo sarƙar wuya ya ce mu ɗaga. Na ɗaga da hannu biyu, sanyin ƙarfen da nauyinsa suka sa na mayar da ita da sauri.

Baba bai taɓa ta ba. Da muka fito tsakar gida ya jingina da bango ya ce da ni, "Kai yaro, kada ka tsaya kallon laifin Turawa kaɗai. A ƙasar Zazzau ma an yi rinji, ƙauyen bayi, kakata ta ba ni labari." Ban taɓa jin ya ɗauko zancen nan a gida ba. Cikin waɗanda aka kwashe ta gaɓar tekun nan zuwa Barazil akwai Hausawa, har suna cikin Musulmin da suka yi bore a Bahiya a 1835. Ni da na je shan iska sai ga shi ina tunanin ko wani daga cikinsu ya san dutsen Kufena na Zariya.

Rana ta biyu muka nufi tsibirin Gberefu. Ana ƙetara ruwa ne a ƙaramin jirgi mai inji. Nan ma na yi sake, ban tsayar da magana kan kuɗin dawowa ba, da muka tashi komawa mai jirgin ya ce abin da muka biya na zuwa ne kawai. A gama ciniki a tudu, zuwa da dawowa, kuma kada a shiga sai an ba kowa rigar ruwa, har yara.

Daga inda jirgi ya ajiye mu, tafiyar ƙasa ce cikin rairayi da itatuwan kwakwa, a kan hanyar da bayi suka taka zuwa wurin da ake kira inda ba a dawowa. Baba na sanye da sau-ciki, rairayi ya cika shi, dole ya cire ya riƙe a hannu. Silifa da hular malafa da gorar ruwa sun fi babbar riga amfani a nan. A gefen hanya wata mata ta fasa mana ɗanyar kwakwa da adda, muka sha ruwan, ta kankare mana naman da ɓawonsa. Bukkokin masunta duk da ganyen kwakwa aka yi su, taruna a shanye a rana kamar yadda muke shanya barkono a kan dabe.

Kafin mu ga tekun muka fara jin rurinsa. Ɗan yayata ya kwasa da gudu zai faɗa, wani masunci ya daka masa tsawa ya riƙo hannunsa. Ya yi gaskiya. Na shiga iya idon sawu kawai, igiyar ruwa ta zo ta koma, na ji rairayin da ke ƙarƙashina yana zarewa yana ja na ciki. Wanda ya koyi iyo a rafi bai san wannan ruwan ba.

Baba ya tsaya shiru ya fi minti goma. Sai ya naɗe hannun riga, ya tsuguna inda kumfa ke ƙarewa, ya ce tun yana saurayi ya karanta a zaure cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, yau zai yi aiki da karatun. Ya ɗebo ya kurkure baki, gishirin ya sa ya yamutsa fuska, amma bai fasa ba har ya wanke ƙafafu. Muka shimfiɗa rawaninsa a kan rairayi, ya ja mu sallar azahar da la'asar, ƙasaru, teku na hannunmu na dama.