Yau Baba ya saka rigarsa da kansa

Tun da shanyewar ɓarin jiki ta same shi, sai yau na ga Baba ya saka riga ba tare da an sa masa hannu ba. Mataimakiyar jami'ar da ke koya wa majinyata ayyukan yau da kullum ce ta zaunar da shi a bakin gado, ƙafafunsa biyu a ƙasa, ta shimfiɗa masa rigar a cinya. Ta ce, "Baba, hannun da ya raunana za ku fara zurawa. In za ku cire kuma, shi ne na ƙarshe." Rigar ta maƙale a gwiwar hannu, gumi ya tsattsafo masa a goshi. Ƙanwata ta zabura za ta taya shi, sai mataimakiyar ta ce mata a hankali, "Anti, bari ya gwada." Ta tsaya tana jira, ko kaɗan ba ta hanzarta shi ba. Lokacin da kansa ya fito ta wuyan rigar, kallon da ya yi mana sai da ya sa ni hawaye.

Shugabarta ce ke duba majinyaci ta tsara abin da za a yi, amma mataimakiyar ce ke zama da shi, su yi ta maimaitawa har ƙwaƙwalwa ta sake koyon motsin, sannan ta kai rahoto. Ita ta sa muka naɗe kafet ɗin da zai iya harɗe shi, muka kafa ƙarfen dafawa a banɗaki. Gobe in Allah ya kai mu maɓalli za su fara, kuma na ƙudurta ba zan taya shi ba sai ya nema.