Alhamdulillahi na haye Step 2 CK: godiyata ga waɗanda suka tsaya mini

Assalamu alaikum warahmatullah.

Ranar Larabar da ta wuce sakamakon jarrabawata ta USMLE Step 2 CK ya fito, kuma cikin ikon Allah na haye da maki 246. Tun daga ranar wayata ba ta huta ba. Wasu na amsa musu, wasu na ga kiransu ban samu sukunin maidawa ba, wasu ma a bakin wani na ji irin addu'ar da suka yi ta yi mini. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta godiya guda ɗaya da za ta isa ga kowa. Cikin masu taya ni murna kuma akwai ƙannena likitoci da ɗalibai masu shirin bin wannan hanya, tambayarsu duk iri ɗaya ce: “Yaya, ya kika yi karatun, kuma maki nawa ya kamata mutum ya sa rai?” Zan haɗa amsar a nan, domin ba ta rabuwa da godiyar. Duk dabarar da ta amfane ni, wani ne ya koya mini ita.

Ga 'yan'uwa da ba na fannin ba: USMLE ita ce jarrabawar da likita ke bi kafin ya samu lasisin aiki a Amurka, hukumomin FSMB da NBME ne ke shirya ta, mataki uku ce. Tun daga 26 ga Janairun 2022 aka daina ba da maki a mataki na farko, sai dai a ce ka ci ko ka faɗi. Wannan ya sa nauyi ya koma kan mataki na biyu, wato Step 2 CK ɗin da na zauna, domin makinsa ne asibitocin da ke ɗaukar likitoci horon ƙwarewa suke iya gani su gwada wannan da wancan. Makin tsira 214 ne a da, daga 1 ga Yulin 2025 ya koma 218. Abin da ya fi hana ni barci shi ne dokar da ta ce idan ka ci, ka ci ke nan, ba a komawa a sake zama don kawai a ƙara maki. Lambar da ka samu ita za ta bi ka. Wanda ya faɗi kuwa zama huɗu kacal yake da shi a kowane mataki, kuma kowace faɗuwa tana nan a rubuce a takardarsa.

Ba zan ɓoye muku ba, 260 na sa a raina. Da na buɗe takardar na ga 246, shiru na yi na ɗan lokaci, har maigidana ya zaci faɗuwa na yi. Zan dawo kan wannan.

Bayan godiya ga Allah, sai iyayena. Umma har yau “jarrabawar Amurka” take ce mata, ba ta taɓa tambayata abin da ke ciki ba, amma wata huɗu cur 'yata tana hannunta. Duk sanda na kira ina jin nauyi, sai ta ce, “Ke dai yi abin da ke gabanki, yarinya ba ta rasa komai ba.” Baba kuma kullum kalmarsa ɗaya ce, Allah Ya yi albarka. Allah Ya ja da ranku, Ya ba mu ikon kyautata muku.

Sai wata yayata a aiki, wadda ta riga ni bin wannan hanya, yanzu tana horon ƙwarewa a can. Ba ta son a ambaci sunanta, amma ta san kanta. Wata biyu na farko na ɓata su ina karanta littattafai daga bango zuwa bango, ina ja wa layuka alƙalami mai launi, ina jin daɗin cewa ina ƙoƙari. Da na ba ta labari, ba ta yi mini kara ba. Ta ce, “Ƙanwata, ke ba karatu kike yi ba, kallon littafi kike yi. Rufe shi ki je ki amsa tambayoyi.” Na ce ai ban gama shiri ba, in na fara yanzu zan yi ta faɗuwa. Ta ce faɗuwar ita ce karatun. Na ji haushi a ranar, ba laifi in faɗa. Daga baya na gane ba ra'ayinta kaɗai ba ne: binciken da Roediger da Karpicke suka wallafa a 2006 ya nuna cewa ɗaliban da aka gwada su a kan abin da suka karanta sun fi riƙe shi bayan mako guda a kan waɗanda suka yi ta maimaita karantawa, duk da cewa masu maimaitawar sun fi jin cewa sun iya. Ni ce wannan mai jin ta iya.

Daga nan tsarina ya canza. Na koma rumbun tambayoyi na UWorld, tambaya 40 a zama ɗaya, da agogo, a cakuɗe, ba tare da na zaɓi fanni ba, domin ranar jarrabawa ba wanda zai gaya maka cewa wannan tambayar ta zuciya ce ko ta ƙoda. Awa ɗaya nake amsawa, amma bitar takan ci awa biyu zuwa uku, kuma a nan ne ainihin aikin yake. Yaya ce ta sa na buɗe littafin kurakurai. Duk tambayar da na kuskure sai in rubuta dalili a layi ɗaya: ban san abin ba ne, ko na sani na manta, ko kuwa na sani sarai amma ban karanta tambayar da kyau ba. Bayan mako uku na zauna na duba, sai na tarar kaso mai yawa na kurakuraina daga na ukun ne. In ga alama ɗaya a layin farko, in yanke hukunci, sauran bayanin in bi ta kansa da gudu ina neman abin da zai gaskata ni. Wannan ba littafin da zai gyara shi. Da na ci gaba da karatuna na da, da har yau ban san ciwona ba.

Manhajar Anki ma na yi amfani da ita, mai dawo maka da katin tuni a daidai lokacin da ka kusa mantawa. Tushen dabarar tsoho ne, tun 1885 Ebbinghaus ya nuna yadda mantuwa ke gudu a kwanakin farko sannan ta lafa. Sai dai ni kuskure na fara yi da ita. Na sauko da kati dubbai da wasu suka haɗa, cikin kwana goma suka binne ni, na wayi gari bashin katuna ya fi ƙarfina. Na goge su, na koma yin nawa daga littafin kurakuraina, biyar ko goma a rana. Na san akwai waɗanda manyan tarin suka yi wa rana, ni dai ba su karɓe ni ba.

Ƙawata kuma abokiyar karatuna, wadda muke haɗuwa ta bidiyo kullum da sassafe kafin kowa ya tafi aiki, ke ma ban san da bakin da zan gode miki ba. Ke kika tilasta mini sassan da nake gudu: lissafin bincike, ɗa'ar aikin likita, da kare lafiyar majiyyaci daga kuskuren asibiti. Na ɗauke su ƙananan abubuwa, ashe maki ne zube a ƙasa. Jarrabawar nan da ƙa'idojin Amurka take aiki, ba da abin da ka saba gani a inda kake ba. Gwajin neman kansar hanji a shekara 45 ake fara shi ga mai matsakaicin haɗari tun sauyin 2021, ba 50 ba. Babban mutum mai hankalinsa idan ya ƙi magani, ko da ƙin zai kai shi ga mutuwa, ba a tilasta masa. Majiyyacin da ba ya jin Turanci ƙwararren tafinta ake nemo masa, ba ɗansa da ke tsaye a gefen gado ba. Mun sha musu a kan irin waɗannan, wani lokaci har mu manta da agogo.

Ke ce kuma kika fara lura cewa yawancin tambayoyin ba sunan cuta suke nema ba, mataki na gaba mafi dacewa suke nema. Mutum ya zo da rauni a ƙirji, numfashi ya gagara, jini ya faɗi, gefe ɗaya ba a jin shigar iska, maƙogwaro ya karkace. Kowa ya san iska ce ta taru ta danne huhu. Amma a cikin zaɓin za a sa maka hoton ƙirji, hannunka ya yi ta ƙaiƙayi, alhali amsar ita ce a soka allura a saki iskar nan take. Tun da na kama wannan, kafin in duba zaɓi nakan tambayi kaina: majiyyacin nan yana da lokacin jira ko ba shi da shi?

Yanzu maganar sa rai. Saura mako shida in zauna, na yi jarrabawar gwaji ta NBME guda biyu, na samu 229 da 233. Duka sun haura makin tsira, na ce ai shi ke nan, sauran a cike a hanya. Yaya ta ce a'a. Ta tuna mini dokar nan ta rashin maimaitawa, ta ce tunda wa'adin zaman wata uku ake bayarwa kuma ina da sauran fili a cikinsa, in ɗaga ranar. Na yi kuka, domin na gaji, kuma na riga na gaya wa mutane rana. Na ɗaga da mako biyar. A cikinsu gwaje-gwajen NBME suka ba ni 241, 244 da 252, wata jarrabawar gwajin daban kuma ta ba ni 259. To ku ji halin ɗan Adam: ukun nan na ture su gefe, na rungumi 259 na ce ita ce ni. Ku haɗa 241 da 244 da 252 ku raba uku, ku ga inda zai faɗa. Kusan 246 cif. Jarrabawa ba ta zalunce ni ba, ni ce na zaɓi lambar da ta fi yi mini daɗi.

Don haka ƙannena, ga abin da zan ce. Ku ɗauki gwaje-gwajenku uku na ƙarshe, waɗanda kuka yi da agogo, ba leƙen littafi, ba dakatarwa, ku fitar da matsakaicinsu, ku sa rai a kewayen nan. Su kansu masu jarrabawar sun bayyana cewa ma'aunin yana da tangarɗa ta kimanin maki 6, wato mutum ɗaya da ilimi ɗaya zai iya samun ɗan sama ko ɗan ƙasa gwargwadon tambayoyin da suka faɗo masa. Matsakaicin makin ɗaliban makarantun Amurka da Kanada masu zaman farko yana wajen 250 ne. Amma in ka shiga intanet sai ka rantse kowa 270 yake samu. Ba mamaki, wanda ya samu 270 shi ke fitowa ya rubuta labari, mai 235 yakan yi shiru ya ci gaba da harkarsa. Wannan na cikin dalilan da suka sa na faɗi nawa a fili. Kason da kuke samu a rumbun tambayoyi a zagayen farko kuwa kada ya tayar muku da hankali, wurin koyo ne ba ma'auni ba.

Maigida, kai na bari kusa da ƙarshe don naka ya fi yawa. Kai ka ce tunda jarrabawar awa tara ce, sai na gwada zaman awa tara a gida. Sau biyu ka rufe ni a ɗaki ka riƙe agogo kamar mai gadin jarrabawa, har da hana ni waya. A tsarin da na tarar a cibiyar Prometric, inda ake zaman jarrabawar, kashi takwas ne, kowanne awa ɗaya, tambayoyi ba sa wuce 318 gaba ɗaya, hutun yini duka minti 45, sai ƙarin abin da ka rage daga minti 15 na bayanin farko. A wancan gwajin na gida na gano cewa daga kashi na shida kaina yake fara yin nauyi, sai na tara hutuna zuwa can. Duk da haka a kashi na shidan lokaci ya ƙure mini a kan wata doguwar tambaya ta taƙaitaccen bincike, ukun ƙarshe cankarsu na yi, tunda ba a rage maki don an kuskure, barin gurbi ne asara. Na fito ina ce maka na faɗi. Ka ce, “Haka Yayarki ta ce za ki ce.” Kuma ka tuna mini cewa akwai tambayoyin gwaji a ciki da ba a lissafa su, mutum bai san ko waɗanda suka gigita shi suna cikinsu ba. Ranar Laraba ma da na yi shirun nan, kai ka ɗauko takardar da na rubuta 229 a kai ka ajiye kusa da kwamfutar, ba ka ce komai ba. Allah Ya saka maka da mafificin alheri, Ya bar mu tare.

Abokan aikina da suka yi ta musanya mini aikin kwana ba tare da gunaguni ba, da ma'aikatan jinya da suka sha ganina a lungu ina amsa tambayoyi a waya suka kau da kai, na gode, kuma ina sane da bashin kwanakin da ake bina, zan biya. 'Yan'uwa da ƙawaye da suka yi hidima ban je ba, ko suka turo saƙo ya kwana bakwai ba amsa, ku yafe mini, ba wulaƙanci ba ne.

Tafiyar da saura. Akwai jarrabawar Turanci ta OET da sauran sharuɗɗan takardar shaidar ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka, sannan neman gurbin horo da ake turawa a Satumba, sakamakonsa ya fito a Maris. Ina roƙon ku ci gaba da sa ni a addu'a, ku haɗa da ƙawata da za ta zauna tata nan ba da jimawa ba.

Masu tambayar littafin kurakuraina, ku yi haƙuri, wata ƙanwata ta riga ku. Na gaya mata kurakuraina ne a ciki ba nata ba, gara ta buɗe sabo, ta ce ita dai a ba ta. Ranar Asabar za ta zo ta karɓa.

Wassalamu alaikum.