Ranar da Injin Faskare Ya Zo Gidanmu a Kent

A bayan gidan da muke zaune a wani ƙauye na yankin Kent, a kudu maso gabashin Ingila, akwai bishiyoyi biyar na itacen da ake kira ash a jere kan iyakar fili. Tun shekaru uku da suka wuce rassansu na sama suka fara bushewa saboda wata cutar fumfuna wadda aka fara tabbatar da ɓullarta a Birtaniya a shekarar 2012, kuma Kent na cikin yankunan da ta fara yi wa ɓarna. Itacen da wannan cuta ta ci yakan karye ba zato ba tsammani, don haka sai na nemi ƙwararren mai sare bishiya ya kayar da su a lokacin hunturu. Ya gama aikinsa, ya tafi da ƙananan rassa, ya bar mini tulin gumagumai, ga shi kuwa murhun da ke ɗumama falonmu itace yake ci.

Da farko na yi niyyar in faskara su da kaina, domin a Zariya na tashi, inda masu faskare kan bi unguwa da gatarinsu a kafaɗa, a yi ciniki da su a ƙofar gida, kafin la'asar sun mayar da gungume itacen girki. A nan kuwa ladan ƙwadago yana da tsada ƙwarai, kuma bayan na shafe Asabar biyu da gatari sai na ga tulin bai ragu ba. Maƙwabcina manomi ne ya gaya mini cewa akwai masu yawo da injin faskare a bayan mota, suna zuwa har gida su yi aikin a biya su gwargwadon sa'o'i ko kuɗin yini, tare da kuɗin tafiya idan wurin yana da nisa.

Injin da aka kawo mana ƙirar ƙasar Finlan ne, inda ake ƙera injinan faskare irin su Palax da Hakki Pilke, kuma yadda yake aiki ya cancanci a bayyana shi. Ana ɗora gungume a kan wani bel da ke tura shi gaba har ya tsaya daidai tsawon da aka zaɓa, sai zarto mai sarƙa ya sauko ya yanke shi. Guntun yakan faɗa cikin kwami, inda wani ƙarfe da matsin mai ke turawa yake danna shi a kan wuƙa mai siffar gicciye, ya tsage gida huɗu ko shida. Daga nan wani dogon bel ya ɗauki faskararren itacen sama ya zuba a tirela ko a manyan buhuna. Mun zaɓi tsawon santimita 25, domin shi ne ke shiga murhunmu ba tare da an tilasta ƙofar ba, kuma ina shawartar kowa ya auna cikin murhunsa kafin ranar aikin, tunda abin da aka yanka ba ya komawa.

Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne cewa saurin wannan inji ya dogara ne kacokan a kan shirin da mai itace ya yi kafin ya iso. Mai injin ya yi mini tambayoyi da yawa ta waya, ya nemi hotunan tulin, ya tambayi kaurin gumaguman da tsawonsu, ya kuma tambaya ko mota mai jan tirela za ta iya shiga filin ba tare da ta kafe a taɓo ba. A lokacin na ɗauka yawan bincike ne kawai, amma ranar aikin ta nuna mini dalilin kowace tambaya. Injinsa ba ya karɓar gungumen da kaurinsa ya wuce santimita 38, saboda haka gindin bishiyoyi biyu mafi girma sai gefe aka ajiye su. Karkatattun gumagumai da masu reshe biyu sun riƙa maƙalewa a kan bel, kowane ɗaya yana cin mintuna. Mafi muni shi ne waɗanda aka ja a ƙasa suka kwashi laka da tsakuwa, domin ƙasa tana dakushe sarƙar zarto nan da nan, har sau biyu aka tsaya aka sauya ta, kuma duk wannan tsayuwar cikin lokacin da nake biya ne. Da na san haka tun farko, da na roƙi mai sare bishiyar ya bar su dogaye, kamar mita uku ko huɗu, ya jera su a kan wasu itatuwa don kada su taɓa ƙasa, duk suna fuskantar gefe ɗaya. Gajerun guntaye da mutum ke ganin kamar ya rage aiki, su ne suka fi ɓata lokaci, saboda sai an ɗaga kowanne da hannu.

Duk da haka, kafin faɗuwar rana an gama abin da zai ɗauke ni watanni, kuma an bar mana tarin garin katako da maƙwabcina ya kwashe ya shimfiɗa wa dabbobinsa.

Akwai abu ɗaya da injin ba zai yi wa kowa ba, wato busar da itacen. Tun daga watan Mayu na 2021 doka a Ingila ta hana sayar da ɗanyen itace ga gidaje idan yawansa bai kai kubik mita biyu ba, wato cikin akwati biyu masu mita ɗaya ta kowane gefe, sai danshinsa ya sauka zuwa kashi 20 cikin 100 ko ƙasa da haka. Dokar ta shafi masu sayarwa ne, amma dalilinta ya shafi duk mai murhu, domin ɗanyen itace hayaƙi yake bayarwa maimakon zafi, yana cutar da ƙirjin mutanen gida da na maƙwabta, yana kuma tara kwalta a bututun hayaƙi har ta kai ga gobara. Ina da yara ƙanana, don haka ban ɗauki wannan da wasa ba. Itacen ash yana cikin masu saurin bushewa, kusan shekara guda ya ishe shi idan an faskara shi, ba kamar itacen oak ba da kan nemi shekara biyu. Wannan ne ya sa na ga cewa farkon bazara ne lokacin kiran mai injin, ba watan Oktoba ba lokacin da sanyi ya riga ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Mun jera namu a kan katakon ɗora kaya, a gefen da rana da iska ke samu, muka rufe sama kawai muka bar gefuna a buɗe. Na sayi ƙaramar na'urar auna danshi, kuma mai injin ya koya mini cewa sai an tsaga itace an soka ta a sabuwar fuskar ciki, domin bayan itacen yakan bushe tun cikinsa yana ɗanye.

A ganina hayar injin tana da riba ga wanda yake da itace mai yawa, miƙaƙƙe, kuma a wuri ɗaya, ko kuma maƙwabta biyu ko uku da za su haɗa nasu su raba kuɗin yinin. Wanda bishiya ɗaya ce ta faɗi a lambunsa, gara ya nemi ƙaramin injin tsaga itace ko ya riƙe gatarinsa. Ni ma gindin nan biyu da injin ya ƙi karɓa suna nan a bakin shinge, kuma da gatari da ƙarfen tsagawa nake rage su kaɗan-kaɗan duk ranar Asabar.