Abin da aikin gwajin ji ya koya mini a Kaduna

A ƙarshen kowace shekarar karatu, sashen nazarin ji da magana na jami'ar da na halarta yakan fitar da rahoton nasarorinsa, inda ake lissafa ɗaliban da aka yaye, da takardun binciken da malamai suka wallafa, da gangamin wayar da kai na ranar 3 ga Maris, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta keɓe domin batun ji. Ban raina ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Amma tun da na dawo Kaduna na kama aikin gwajin ji da gyaran magana, na gane cewa akwai ma'aunin da ya fi su nauyi, wato shekarun yaro a ranar da aka fara kawo shi gabanmu.

A aji an koya mana ƙa'idar da ƙwararru a Amurka suka shimfiɗa, cewa a duba jin jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a kuma fara taimaka masa kafin wata 6. Dalili shi ne ƙwaƙwalwa tana gina harshe ne daga abin da ke isa gare ta a shekarun farko, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gwajin farko ba shi da wahala, domin 'yar na'ura ce ake sanyawa a kunnen jariri yana barci, ta aika sauti, ta saurari amsar da kunnen ciki ke mayarwa, a gama cikin 'yan mintoci. Duk da haka, yawancin yaran da nake gani sun haura shekara uku, wasu ma sai da aka sa su makaranta malamai suka yi ta ɗora musu laifin kunnen ƙashi.

Abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne uwa takan riga kowa lura. Takan faɗa, sai kakar yaron ta ce, "Nauyin baki ne kawai, ubansa ma bai yi magana da wuri ba," shi ke nan ta yi shiru saboda kunya da kawaici. Yaron da ba ya ji kuma yakan ruɗi mutanen gida ba da nufi ba, domin idonsa na da kaifi, yana ganin inuwar mai shigowa, yana jin girgizar ƙofa a jikinsa idan an buga ta, sai ya waiwaya a ɗauka ji ya yi. Saboda haka na daina tambayar ko yaro yana ji. Nakan ce, "Hajiya, idan kika kira sunansa daga bayansa, bai gan ki ba, yana juyowa?" Daga nan nakan bi tarihinsa a hankali: ko ya yi shawara mai tsanani a makon haihuwa, ko sanƙarau ya taɓa kama shi a lokacin zafi, ko ƙyanda ko hangum, ko kunnensa ya daɗe yana zubar da mugunya, ko an yi masa allurai irin su gentamicin a kemis ba tare da likita ya rubuta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin 100 na rashin jin yara ana iya kauce masa, kuma a cikin wannan tarihin ne mutum ke ganin gaskiyar ƙiyasin.

Manya ma jinkirin ne ke cin su. Maƙera da masu walda a Panteka, da masu injin niƙa, da tsofaffin ma'aikatan masaƙun Kakuri, ƙorafinsu kusan ɗaya ne, cewa suna jin muryar mutum amma ba sa gane abin da yake faɗa. Ƙarar da ta kai desibel 85 a ma'aunin ƙarfin sauti tana lahani idan mutum ya yini cikinta kullum, kuma ƙananan ƙwayoyin kunnen ciki da ta kashe ba sa sake tsirowa.

Wani abin da karatu bai shirya ni a kansa sosai ba shi ne gidan da ba shi da halin sayen na'urar ƙara ji, balle batir ɗinta da gyaranta, ko yaron da na'urar ba za ta wadatar da shi ba. A nan na koyi girmama maganar hannu, domin harshe ce cikakkiya da kurame ke ciniki da zumunci da ita, kuma ita ma da wuri ya kamata a fara ta, iyaye da 'yan'uwa su koya tare da yaron.

Kaduna ta yi sa'ar samun Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1999, sai dai cibiya tana ganin wanda aka kai mata ne kawai. Tun da mata da yawa a gida suke haihuwa, wurin da ya fi dacewa a sadu da jarirai shi ne asibitin sha-ka-tafi a ranar rigakafi, kuma an gwada haɗa gwajin ji da allurar BCG ta rigakafin tarin fuka a Legas an ga yana yiwuwa. Da za a nemi shawarata, da na ce sashen da ya horar da ni da takwarorinsa su riƙa tura ɗalibansu na shekarar ƙarshe irin waɗannan asibitoci a Rigasa da Tudun Wada da Kawo, ɗauke da na'urar gwajin jarirai, su zauna kusa da ma'aikaciyar da ke cike katin rigakafi, sannan a rubuta a rahoton shekara yawan jariran da aka gano matsalarsu kafin su cika wata shida.