Yau na karɓo sakamakon gwajin feritin

Laraba, bayan isha'i.

Yau dai na je na karɓo sakamakon gwajin jinin da likita ta tura ni, wanda suke cewa feritin. Dama abin da ya kai ni asibiti wata gajiya ce mara dalili, in na hau bene sai na tsaya a tsakiya ina haki, in na taje kai mataji ya cika da gashi, ga kwaɗayin farar ƙasa da taunar ƙanƙara kamar mai ciki alhali ba ni da komai. An sha duba min PCV, gwajin yawan jini, ana cewa jinina lafiya lau.

A takardar himoglobin ɗina, sinadarin nan da ke sa jini ja, 12.3 ne, shi kam ya haye tunda mace mara ciki daga 12 ake so. Amma feritin 9 kacal. Likita ta juyo min da takardar ta ɗora biro a kan lambar, ta ce "Hajiya kin ga matsalar nan." Ta ce feritin wani furotin ne da jiki ke ajiye sinadarin ƙarfe a cikinsa, ayon ɗin nan da ake yin jini da shi, galibi a hanta da saifa da ɓargo. Wato kamar rumbu ne, ana iya ci gaba da ɗora tukunya kullum a gida alhali hatsi ya kusa ƙarewa, PCV tukunya yake leƙawa shi kuma feritin rumbun. Wlh sai a lokacin hankalina ya kwanta, dan na gaji da a ce min hutu kawai nake buƙata.

Na rubuta lambobin a bayan katina dan kar na manta. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, babban mutum mai lafiya in feritin ɗinsa ya gaza maikurogiram 15 a lita ajiyarsa ta ƙare, yaro ɗan ƙasa da shekara 5 kuma ƙasa da 12. Likitata dai ta ce likitoci da yawa tun daga ƙasa da 30 suke fara ba da magani. Ta sama kuma in ya wuce 150 ga mace mai al'ada, ko 200 ga namiji, sai an bincika dalili.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne zazzaɓi yana ɗaga lambar. Maleriya ko wani kumburi a jiki sai su sa feritin ya hau ko da ajiyar ba komai, shi ya sa ga babba mai irin wannan ciwon ƙasa da 70 ma ƙaranci ne. Mu da damina ba ta wucewa sai zazzaɓi ya zaga gida, sai nake tunanin mata nawa ne aka gwada suna cikin ciwo aka ce musu lafiyarsu ƙalau.

Ni dai abin da ya jawo min ƙarancin shi ne jinin al'ada mai yawa da haihuwa kusa-kusa. Likita ta ce da namiji ne ko wadda ta daina al'ada sai an duba ko jini na tsiyaya a ciki, ulsa ko tsutsar ciki. Ta rubuta min ƙwayar ayon, in sha da lemon zaƙi, in nisanta ta da shayi da madara dan suna hana jiki tsotsa, kuma kar in tsorata in bayan gida ya yi baƙi. Ko na ji ƙarfi ba zan daina ba, ana ci gaba kamar wata 3 bayan jini ya daidaita kafin ajiyar ta cika. Hanta, nama, kifi, wake da zogale kuma in dage.

Da yamma maƙwabciyata ta shigo, ɗanta mai sikila ne ana yawan ƙara masa jini, ta ce ko in ɗan ba shi nawa maganin tunda shi ma jininsa ƙasa yake. Na ce mata dan Allah Maman yara kar ki soma, kowace leda ta jini tana ɗauke da ayon wajen miligiram 200 kuma jiki ba shi da hanyar fitar da rarar, irinsu feritin kan wuce 1000 har rarar ayon ɗin ta taɓa hanta da zuciya. Ta ce ranar kilinik ɗinsu za ta roƙi a duba masa, ni kuma da safe zan kira ƙanwata da ke shayarwa ta je a yi mata nata.