Kafin Ka Miƙa Wa Matashi Tarkon Kyanwa

Kyanwar titi ba kyanwar Lami ba ce. Tana cizo, tana yakushi, kuma idan tarko ya kuskure ta sau ɗaya, da wuya ta sake kusantarsa. Shi ya sa matashin da ya zo da zumuɗin ceton maguna, ɗan Tudun Wada ne ko na Kawo, ba tarko ake fara damƙa masa ba. Littafi da biro ake ba shi. Ya yi mako guda yana kai abinci wuri ɗaya bayan magariba, yana rubuta guda nawa ke zuwa, wacce ke da ciki, wacce nononta ya cika alamar tana shayarwa, da muzurun da ke korar saura.

Ya kuma san dalilin kamun. Kyanwa kan ɗauki ciki tun tana wata 4 zuwa 6, ta haihu bayan kwana 63 zuwa 65, sau biyu ko uku a shekara. Kwashe su a buhu a zubar a bayan gari aikin banza ne, domin muddin bola da ɓeraye suna nan, wasu za su zo su maye gurbin. Abin da ke aiki shi ne a kama, likitan dabbobi ya yi wa muzuru fiɗiya, ya cire wa mace mahaifa, ya yi musu allurar rigakafin ciwon haukan kare, a mayar da su inda aka ɗauko su. Don haka ba a ɗana tarko sai an gama magana da likita an tsayar da rana.

Tarkon keji ne na waya, tsawonsa kamar santimita 75, faɗi da tsayi wajen 30, da ƙofa mai faɗowa da farantin takawa can kusa da ƙarshe, wanda da kyanwa ta taka shi ƙofar ke faɗowa. Masu walda a kasuwar Panteka ta Kaduna za su iya haɗa shi idan ka kai musu zane, amma ka duba abu uku kafin ka biya. Bakin wayar da aka yanke a goge shi, in ba haka ba zai tsaga mata fuska. Ƙofa ta kasance da sakata mai kamawa da kanta, don muzuru mai ƙarfi yana tura ƙofa da kai ya fice. Farantin kuma kada ya yi tauri. A taɓa shi da kara a hankali, idan sai an danna da ƙarfi, ƙaramar kyanwa za ta cinye kifin ta fita abinta.

Kwana uku ko huɗu a ɗaure ƙofar a buɗe, ana sa abinci a bakin kejin, kullum ana ƙara tura shi ciki. Ana gobe kamu a hana su abinci, ruwa kawai za a bari. A nan aiki ya fi lalacewa, kuma ba laifin tarko ba ne: mai shayin bakin layi ko wata baiwar Allah a maƙwabta ta zuba musu sauran tuwo, sun ƙoshi. Sai an bi su da sallama an yi bayani tun da wuri. Wannan ma darasi ne ga yara, su koyi cewa "Baba, don Allah yau kaɗai a bar su da yunwa, gobe asibiti za mu kai su."

Kifin gwangwani ya fi komai jan su. Cokali ɗaya a kan kwali bayan farantin, sai ɗan ɗigo-ɗigo daga ƙofa zuwa ciki. Kada a sa gwangwanin kansa, yana yanka harshe. A shimfiɗa jarida a ƙasan kejin don ba sa son taka waya, a ajiye shi inda ba ya girgiɗi, nesa da gidan tururuwa.

Da ƙofa ta faɗi, kyanwa za ta haukace tana dukan waya, wani lokaci har hanci ya yi jini. Sabon shiga tausayi ke kama shi ya buɗe. Kada ya buɗe. Ya lulluɓe kejin duka da tsohon zani, cikin ɗan lokaci za ta lafa. Ba a tafiya a bar tarko a ɗane, ba a barinsa a rana, balle a zafin Maris da Afrilu, ba a kuma jefa shi a but ɗin mota.

Idan mai shayarwa ce ta shiga, a gaya wa likita ya fara da ita, a sake ta da zarar ta wartsake, don jariran da ba su kai mako huɗu ba ba sa jure doguwar yunwa. Wanda ya tsinci jarirai kuma kada ya yi gaggawar kwashewa, ya koma nesa ya jira sa'o'i, galibi uwar kiwo ta tafi. Madarar shanu zawo take sa su. Farasitamol kuwa kashe kyanwa yake yi, ko ɓari ne.

Doka ɗaya ba ta da sassauci: ba a sa hannu a keji. Wanda aka ciza ko aka yakusa ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya wuce asibiti a ranar. Ciwon haukan kare ba kare kaɗai ke ɗauke da shi ba, kuma da alamunsa sun bayyana kusan babu tsira. Yaron da bai kai shekara 18 ba, rubutu da lulluɓe keji ya ishe shi.

Yayin fiɗiya ko cire mahaifa, likita zai yanke kamar santimita 1 a tsinin kunnen hagu, shaidar an gama da wannan, kada a sake wahalar da ita. Muzuru ya kwana ɗaya a keji a ɗaki mai iska, mace kwana biyu, ana leƙa ɗinkin ko yana jini. Ranar saki a koma daidai wurin da aka kama ta da asuba ko da yamma, a juya ƙofar ta kalli lungu ba titi ba, a buɗe a ja da baya. Tana iya ɓacewa kwana biyu ko uku. A ci gaba da kai abinci a lokacin da ta saba, mai littafi kuma ya rubuta ranar da ta dawo.